Asirin Tauraro a Hannun Ɗan Jarida

A shekarar 1955 an yi wani ciniki a Hollywood wanda tun ranar da na karanta labarinsa bai bar zuciyata ba. A lokacin akwai wata mujallar tsegumi mai suna Confidential, wadda Robert Harrison ya kafa a New York a 1952, kuma cikin 'yan shekaru ta kai ga sayar da miliyoyin kwafi a kowace fitowa, domin ba ta da wata haja face abin da taurarin fim suke ɓoyewa. Mujallar ta samu labarin cewa Rock Hudson, wanda a sa'annan yana cikin manyan jaruman da matan Amurka suke mafarkin aure, namiji ne mai neman maza 'yan uwansa, ta kuma fara shirin bugawa. Wakilinsa, Henry Willson, wanda shi ne ma ya raɗa masa sunan da duniya ta san shi da shi, ya san cewa ranar da labarin ya fita, ranar ce kasuwar yaronsa za ta mutu. Marubuta tarihin Hollywood sun ruwaito cewa sai ya fanshi Hudson da asirin wasu jarumai biyu. Ya ba mujallar labarin zaman gidan yarin da Rory Calhoun ya yi a ƙuruciyarsa, ya kuma ba ta labarin kamun da 'yan sanda suka yi wa Tab Hunter a wani taron shagali a 1950. Mujallar ta buga waɗannan biyun, ta bar Hudson. A watan Nuwamban wannan shekarar Hudson ya auri sakatariyar Willson, auren kuma ya mutu a 1958.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wannan labari shi ne cewa a duk tsawon cinikin babu wanda ya tsaya ya tambayi mutanen nan uku abin da suke so a yi da rayuwarsu. Mai mujalla yana lissafin kwafin da zai sayar, wakili yana lissafin kasonsa, kamfanin fim yana lissafin kuɗin da ya zuba a kan jaruminsa, asirin mutum kuwa ya zama tsabar kuɗi da ake ba da canji da ita. An rufa wa Hudson asiri ne saboda yana kawo riba, an tona wa Hunter saboda ya riga ya rabu da wakilin, ba ya kawo masa komai.

Kafin in ci gaba, ya kamata in fayyace iyakar maganata. Ba hukuncin luwaɗi da maɗigo na zauna in tattauna ba, domin mai karatuna yana da addininsa da malamansa, kuma ya san abin da suka ce. Tambayar da ta dame ni ta shafi wanda yake riƙe da alƙalami ko kyamara ko shafin intanet: idan ya ji, ko ya yi zato, ko ma ya tabbatar cewa wani mawaƙi ko ɗan fim ko ɗan ƙwallo yana da wannan ɗabi'a yana ɓoye ta, me ya halatta ya yi da abin da ya sani? Amsar da na tsaya a kai ita ce asirin na mai shi ne, kuma shaharar mutum ba ta mayar da shi mallakar jarida. Na san akwai hujjoji masu nauyi da suke ja da wannan matsayi, kuma ba zan tsallake su ba.

Hujja ta farko ita ce ta gaskiya. Ɗan jarida zai ce aikinsa faɗin gaskiya ne, kuma shekaru talatin da jaridun Amurka suka yi suna buga hotunan Hudson da kyawawan mata suna kiran su masoyansa ƙarya ce da aka shirya da saninsu. Wannan gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga aikin jarida. Akwai ma wanda ya fi wannan muni. A 1959 makaɗin piyano Liberace ya kai jaridar Daily Mirror ƙara a Landan saboda wani sharhi da ya yi masa shaguɓe, ya rantse a gaban kotu cewa shi ba mai neman maza ba ne, aka kuma ba shi diyyar fam 8,000. Bayan rasuwarsa a 1987, da abin da ya fito daga bakin na kusa da shi, kusan babu wanda ya ƙara gaskata wannan rantsuwa. Don haka wanda ya ce ɓoyon yana haifar da ƙarya, har ƙaryar ta shiga kotu ta ci kuɗin jarida, bai faɗi abin da babu ba.

Sai dai tsakanin ƙirƙirar ƙarya da tonon silili akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan filin ne aikin jarida na mutunci yake zaune. Ɗan jarida ba shi da uzurin rubuta cewa wance budurwar wane ce alhali ya san shiri ne na masu tallata jarumin. Amma kuma babu wanda ya tilasta masa ya rubuta wa jarumin yake kwana da shi. Yana iya yin sharhi a kan wasansa, da muryarsa, da kwangilarsa, da yadda yake biyan ma'aikatansa, ya bar ɗakin kwanansa a rufe, kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kowane ɗan jarida yana da abubuwa da yawa da ya sani bai buga ba, kamar ciwon da wani babba yake fama da shi, ko ɓarin cikin da matar wani ta yi, kuma ba ya ganin shirun nasa ha'inci ne ga masu karatu. Me zai sa sai a wannan batu ne kaɗai shiru zai koma cin amanar gaskiya?

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin daga bakin masu neman jinsin kansu ta fito, kuma a lokacin da mutuwa take ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. A watan Yulin 1985 aka sanar a Paris cewa Rock Hudson yana ɗauke da cutar ƙanjamau, ya kuma rasu ranar 2 ga Oktoban wannan shekara yana da shekara 59. Kafin nan dubban Amurkawa sun mutu da cutar gwamnati tana jan ƙafa, amma da ta kama mutumin da kowane gida ya san fuskarsa, wanda kuma abokin Shugaba Ronald Reagan ne, sai hankalin ƙasa ya juyo. Daga nan wasu 'yan gwagwarmaya suka yanke cewa ɓoyon da manya suke yi shi ne yake kashe ƙanana. A watan Maris na 1990, makonni kaɗan bayan rasuwar attajirin nan Malcolm Forbes, mai mujallar Forbes, ɗan jarida Michelangelo Signorile ya buga a mujallar OutWeek ta New York cewa marigayin yana neman maza. Hujjarsa ita ce idan jarida tana rubuta soyayyar kowane tauraro da aurensa da sakinsa, amma ta yi gum idan aka zo kan masu neman jinsi, to da shirunta tana shelar cewa wannan ne abu mafi muni da za a iya faɗa a kan ɗan Adam, kuma matasan da suke cikin wannan hali suna tashi ba su ga kowa irinsu da ya zama wani abu ba.

Na fahimci zafin da ya haifi wannan magana, kuma ba na raina shi. Amma idan aka tuɓe mata ado, abin da take cewa shi ne a ɗauki rayuwar mutum guda a yi sadaka da ita domin amfanin wasu, ba tare da izininsa ba. Wanda ya yi fallasar yana komawa gidansa ya kwanta, wanda aka fallasa kuwa shi ne zai ɗaga waya ya ji muryar mahaifiyarsa. Labarin Oliver Sipple ya ishe ni misali. Sipple ba tauraro ba ne, tsohon sojan Amurka ne da ya yi yaƙin Biyetnam ya dawo da rauni. Ranar 22 ga Satumban 1975 yana cikin taron jama'a a San Francisco sai ya ga wata mata ta ɗaga bindiga za ta harbi Shugaba Gerald Ford, ya kai wa hannunta cafka, harsashin ya kauce. Cikin dare ɗaya ya zama gwarzon ƙasa. Abokinsa Harvey Milk, ɗan gwagwarmayar masu neman jinsi, ya ga dama ce ta nuna wa Amurka cewa irinsu ma suna yin jarumta, sai ya tsegunta wa wani marubucin jaridar San Francisco Chronicle, daga nan labarin ya bazu a jaridun ƙasar. Iyayen Sipple suna Detroit, mutane ne masu riƙo da addini, kuma ba su san komai ba sai da suka gani a jarida. Dangantakarsa da su ta lalace. Ya kai jaridun ƙara yana neman dala miliyan 15, aka yi shekaru ana shari'a, a 1984 kotu ta kori ƙarar bisa dalilin cewa labarin yana da muhimmanci ga jama'a, kuma dama ba ɓoyayye ba ne a unguwar da yake zaune. A farkon 1989 aka tsinci gawarsa a ɗakinsa bayan kwanaki da rasuwarsa, yana da shekara 47. Wanda ya tona masa asiri abokinsa ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi, amma niyyar ba ta mayar masa da abin da ya rasa ba.

Hukuncin kotun nan yana ɗauke da wani kuskure da masu shafukan tsegumi suke maimaitawa har yau, wato cewa ai kowa ya sani. Wane ne kowa? Abin da abokan mutum goma suka sani a birnin da yake aiki daban yake da abin da mahaifinsa da limaminsa da maƙwabtan gidansu suka sani a garinsu. Mutum yakan buɗe wa wasu ƙofa ya rufe wa wasu, kuma wannan zaɓi shi ne ainihin abin da ake kira sirri. Idan jarida ta ɗauko magana daga zauren da aka yarda da ita ta kai ta kasuwa, ba za ta ce ba ta yi komai ba don kawai maganar ta taɓa fita daga bakin mai ita.

Akwai wuri guda da nake ganin hujjar fallasa tana da ƙafar tsayawa, shi ne inda mai mulki yake amfani da ikonsa yana hukunta mutane a kan abin da shi kansa yake aikatawa a ɓoye, ko inda aka tilasta wa wani, ko aka taɓa yaro ƙarami, ko babba ya yi amfani da matsayinsa ya danne na ƙasa da shi. A nan labarin na zalunci ne da munafunci da cin amanar jama'a, kuma wajibi ne jarida ta bi shi ko da namiji ne da mace. Dokar aikin editocin Birtaniya ma haka ta tsara, inda ta ce kada a ambaci irin jinsin da mutum yake sha'awa sai idan yana da alaƙa ta haƙiƙa da labarin. Amma mawaƙi ba ya yin doka, ɗan wasan kwaikwayo ba ya ɗaure kowa, kuma wanda ya sayi tikitin kallon ƙwallo ya sayi minti casa'in ne na wasa, bai sayi mabuɗin gidan ɗan wasan ba.

Daga baya jaridun tsegumi sun ƙirƙiro wata dabara da take ba su labarin ba tare da sun ɗauki laifin fallasa ba, kuma a ganina ta fi fallasar kai tsaye rashin imani, domin tana sa mutum ya yanka kansa da hannunsa. Sai a kira tauraro a ce masa labarinsa yana hannu, za a buga ranar kaza, amma idan ya yarda ya yi hira da su za a rubuta shi cikin mutunci. A 1999 Stephen Gately na ƙungiyar mawaƙan Boyzone ta ƙasar Ailan ya bayyana kansa a jaridar The Sun bayan ya samu labarin cewa wani yana shirin sayar da asirinsa. A 2002 Will Young, wanda bai daɗe da lashe gasar waƙa ta talabijin a Birtaniya ba, ya yi irin wannan domin ya riga wata jarida da take shirin bugawa. Aka yi ta yaba musu da jarumta, alhali gaba kura ce baya sayaki. Ko a 2022 an sake yi. Wani marubucin shafin tsegumi na jaridar Sydney Morning Herald ta Ostireliya ya aika wa 'yar fim Rebel Wilson tambayoyi a kan matar da take tare da ita, ya ba ta kwana biyu ta amsa. Sai ta riga shi, ta sanar da kanta a Instagram. Maimakon ya ji kunya, sai ya rubuta sharhi yana ƙorafin cewa ta ƙwace masa labari, kamar dai rayuwarta kayansa ne da aka sace. Sai da jama'a suka yi masa ca kafin jaridar ta cire sharhin, shi kuma ya nemi afuwa. Wannan ƙorafi nasa ya tona abin da yawancin masu wannan sana'a suke ɗauke da shi a zuci ba sa furtawa, wato cewa wanda ya fara jin asirin mutum shi ne mai shi.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Justin Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, aka haife shi a Landan a 1961, ya tashi a hannun iyayen riƙo a Norfolk tare da ƙanensa John. A 1981 ya zama baƙar fata na farko da aka saya a kan fam miliyan ɗaya a ƙwallon Ingila, lokacin da ya bar Norwich City ya koma Nottingham Forest. A watan Oktoban 1990 ya bayyana a The Sun cewa shi mai neman maza ne, aka biya shi kuɗin hirar, aka buga ta da babban kanu mai tayar da ƙura. Jaridar ta sayar da kwafinta ta wuce zuwa labari na gaba, shi kuwa ya ci gaba da shiga filaye ana yi masa ihu, ƙanensa ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a, kuma bai ƙara samun gindin zama a wata babbar ƙungiya ba. A 1998 wani matashi ɗan shekara 17 a jihar Maryland ta Amurka ya zarge shi da cin zarafi, ya koma Ingila, a watan Mayu kuma aka same shi ya kashe kansa a Landan, ya bar takarda yana musanta zargin. Ba zan ɗora wa jarida mutuwarsa ba, domin rayuwarsa tana da sarƙaƙiya da yawa, zargin kuma ba a kai ga yi masa shari'a ba. Amma 'yan ƙwallon Ingila sun ga abin da ya same shi sun kuma ɗauki darasi, domin sai a 2022, bayan kusan shekara 32, aka sake samun ƙwararren ɗan wasa namiji da yake kan taka leda a can ya yi irin wannan bayani, wato Jake Daniels na Blackpool. Masu cewa fallasa tana buɗe wa na baya hanya ya kamata su tsaya su dubi waɗannan shekaru.

Akwai kuma tambayar da masu tsegumi ba sa son a yi musu: idan zaton bai zama gaskiya ba fa? Yawancin irin waɗannan labarai ba a kan hujja ake gina su ba. A kan tafiyar mutum ake gina su, da muryarsa, da irin tufafinsa, da daɗewarsa bai yi aure ba. A 1992 mawaƙi Jason Donovan ya kai mujallar The Face ƙara a Landan a kan irin wannan jingina, kotu ta ba shi fam 200,000. Shi yana da kuɗin lauya. A 2007 wani shafi na kamfanin Gawker ya rubuta cewa attajirin fasahar zamani Peter Thiel mai neman maza ne. Thiel ya yi shiru na shekaru, sannan ya zuba kimanin dala miliyan 10 a ɓoye yana ɗaukar nauyin ƙararrakin da wasu suka shigar da kamfanin, ciki har da ta ɗan kokawa Hulk Hogan, wanda a 2016 aka yanke a ba shi dala miliyan 140, kamfanin kuma ya durƙushe a wannan shekarar. Wasu sun yi murna, ni kuwa ban ga abin murna ba, domin attajirin da zai iya rufe gidan jarida don ta ɓata masa rai zai iya rufe wadda ta bankaɗo satarsa. Abin da labarin ya nuna mini shi ne yadda kariya take bin aljihu. Sipple, wanda ya ceci ran shugaban ƙasa, ya fita daga kotu hannu rabbana, Thiel kuwa ya rushe kamfanin gaba ɗaya. Idan kotu ce kaɗai za ta hana ɗan jarida tonon asiri, to masu kuɗi ne kawai suke da asiri.

Ba kuma zan wanke mu masu karatu ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Confidential ba ta sayar da miliyoyi don Harrison mugu ne kawai ba, ta sayar ne don miliyoyin mutane sun miƙa kuɗinsu. A yau ma ba a buƙatar mujalla. A ƙarshen Oktoban 2022 wani matashin ɗan wasan Birtaniya, Kit Connor, ya rubuta a Twitter cewa yana sha'awar maza da mata, ya kuma ce an tilasta wa yaro ɗan shekara 18 ya faɗi abin da bai shirya faɗa ba. Waɗanda suka matsa masa ba 'yan jarida ba ne, masu kallonsa ne da suke cewa suna ƙaunarsa. Duk wanda yake da waya a hannu ya zama ƙaramin edita, kuma hukuncin da yake kan edita yana kansa a duk lokacin da ya tura wani hoto ko wata jita-jita zuwa zauren WhatsApp.

Duk misalan da na kawo daga ƙasashe ne inda mafi yawan abin da wanda aka fallasa yake rasawa shi ne aiki da dangi da kwanciyar hankali. A nahiyarmu abin da yake kan faranti ya fi haka. A farkon 2006 wasu jaridu uku a Kamaru suka buga jerin sunayen mutanen da suka ce 'yan luwaɗi ne, cikinsu har da ministoci da mawaƙa da 'yan wasa, jama'a suka yi ta rububin saye. Da ɗaya daga cikin ministocin, Grégoire Owona, ya kai ƙara, mai jaridar L'Anecdote, ɗaya daga cikin jaridun uku, ya kasa kawo hujja, aka yanke masa ɗaurin wata huɗu saboda ɓata suna. Minista ya wanke kansa a kotu, amma sauran da ba su da ƙarfin zuwa kotu haka suka ci gaba da yawo da tambarin da aka manna musu.

A Najeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, dokokin shari'a na wasu jihohin Arewa kuma sun tanadi hukuncin da ya kai kisa. Wani zai ce tunda laifi ne a dokar ƙasa, bankaɗo shi aikin jarida ne. Amma laifi yana da kotu, yana da alƙali, yana da shaidu, yana da damar kare kai, shafin tsegumi kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, kuma hukuncin da yake jawowa ba alƙali ne yake zartar da shi ba, taron fusatattun matasa ne. Addinin da mai fallasar yake fakewa da shi ma bai ba shi wannan izini ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana giba, duka a wuri guda. Suratun Nur ta sa bulala tamanin ga wanda ya jefi wani da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, malaman Malikiyya kuma sun sanya jifan mutum da luwaɗi a cikin wannan babi na ƙazafi. Hadisin da yake cewa wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi, yaran makarantar Islamiyya ma sun haddace shi. Iyayenmu kuma sun taƙaita mana duk wannan da cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ina mamakin yadda mutum zai ɗauki hoton ɗan fim ko mawaƙi ya rubuta masa wannan kalma a ƙasa don ya tara mabiya da kuɗin talla, sannan ya ce kishin addini ne ya sa shi, alhali a ma'aunin shari'ar da yake ambata shi ne wanda bulala ta hau kansa.

A watan Oktoban 2010 wata ƙaramar jarida a Uganda mai suna Rolling Stone, wadda ba ta da alaƙa da mujallar Amurka mai wannan suna, ta yi shelar buga hotunan mutum 100 da ta ce 'yan luwaɗi ne, da sunayensu da unguwanninsu, ta kuma rubuta a shafin farko cewa a rataye su. Wasu daga cikin waɗanda aka buga sun ce an jefe su, wasu sun bar gidajensu. Mutum uku suka kai ƙara, cikinsu akwai David Kato, tsohon malamin makaranta wanda hotonsa yake shafin farko. A farkon Janairun 2011 babbar kotun Kampala ta hana jaridar ci gaba da bugawa, ta ba kowannensu diyyar shilin miliyan ɗaya da rabi. Luwaɗi laifi ne a dokar Uganda a ranar da aka yanke wannan hukunci, kuma alƙalin bai musanta haka ba. Abin da ya ce shi ne ba wannan ne a gabansa ba, abin da yake gabansa shi ne haƙƙin mutum na a kiyaye mutuncinsa da sirrin gidansa da ransa, kuma jaridar ta keta su. Ranar 26 ga watan, makonni uku bayan hukuncin, aka kashe Kato da guduma a gidansa a gundumar Mukono. 'Yan sanda sun ce saɓani ne tsakaninsa da wani mutum da ya sauka a wurinsa, aka kuma ɗaure mutumin shekara 30. Abokansa sun ce tun ranar da hotonsa ya fito a jaridar yake samun barazanar kisa.